An sayar maka da ɗan kwikwiyo maras lafiya: shawarwarin da aka bayar

Wani ɗan'uwa ya sayi ɗan kwikwiyo a hannun mai kiwo, kwana biyu ya fara amai da gudawar jini. Mun daɗe muna tattauna lamarin, ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda a fara kai shi wurin likitan dabbobi ranar, a karɓo takarda mai kwanan wata. Wannan takardar ce hujja. Cutar fabo (parvo), mai sa ɗan kwikwiyo amai da gudawar jini, takan ɗauki kwana 3 zuwa 7 kafin ta bayyana, don haka wanda ya kwanta a kwana na biyu, da alama da ita ya zo. Ni a ganina nan ne ƙarfin maganar yake.

A ajiye rasit, shaidar tura kuɗi, katin rigakafi da saƙonnin WhatsApp. A nemi mai kiwon a rubuce, ya mayar da kuɗi ko ya biya magani.

In ya ƙi, dokar kare masu sayayya ta Najeriya ta 2018 ta ba da damar mayar da haja mai aibi, kuma hukumar kare masu sayayya, FCCPC, na karɓar ƙorafi. Wasu sun ce a fara da dattawan kasuwa, sau da yawa a nan ake sasantawa.