Shin da gaske haidirojin makamashi ne mai tsabta?

Malam Usman: Ana yawan cewa haidirojin, wata iska marar nauyi da ke kamawa da wuta, shi ne makamashin da zai raba duniya da gurɓatar iska, kuma ni ina tare da masu wannan ra'ayi. Motar da ke aiki da shi, kamar Toyota Mirai da ta fito a 2014, ruwa kawai take fitarwa ta salansa, ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan.

Injiniya Bala: Malam, maganar salansa gaskiya ce, sai dai hayaƙin ya riga ya tashi tun a masana'anta kafin a zuba wa motar. Kusan duk haidirojin da ake amfani da shi a yau sarrafa shi ake yi. Duniya tana samar da fiye da tan miliyan 90 a shekara, mafi yawa daga iskar gas, sai kuma kwal, musamman a ƙasar Sin. Idan aka haɗa iskar gas da tururi mai tsananin zafi aka ciro kilo ɗaya na haidirojin, kusan kilo 10 na iskar kabon ne ke tashi sama, na kwal kuwa ya kusa ninka haka. Wanda ake samarwa ta hanya mai tsabta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Malam Usman: To, ai ba dole ba ne a tsaya a nan. Ana iya raba ruwa da wutar lantarki ta hasken rana ko ta iska, a samu haidirojin ba tare da kabon ba.

Hajiya Rabi: Malam Usman, ana iya yin haka, amma sai mu yi lissafin wutar. Kilo ɗaya yana cin kimanin kilowat-awa 50 zuwa 55 wajen raba ruwan, alhali ƙarfin da ke cikinsa bai wuce 33 ba. Daga nan sai an matse shi da ƙarfi a cikin tanki, ko a sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri ya zama ruwa, sannan a sake mayar da shi wuta a cikin motar, kuma kowane mataki da nasa asarar. Wutar da ta kai mota mai haidirojin tafiyar kilomita ɗaya, da batir aka saka wa, da ta yi fiye da ninki biyu. Jihar Lower Saxony ta Jamus, wadda ta fara jigilar fasinjoji da jiragen ƙasa masu haidirojin, a 2023 ta sanar da cewa sababbin jiragen da za ta saya masu batir ne.

Injiniya Bala: Akwai kuma yoyo, wanda ba a cika ambatawa ba. Ƙwayar haidirojin ita ce mafi ƙanƙanta, tana sulalewa ta mahaɗar bututu da bawul, kuma idan ta shiga sararin sama tana sa iskar metan, mai riƙe zafi a sama, ta daɗe ba ta baje ba, wanda ke ƙara ɗumamar yanayi.

Malam Usman: Ke nan a ganinku a watsar da shi gaba ɗaya?

Hajiya Rabi: A'a, Malam, ban ce haka ba. Takin zamani yana buƙatar amoniya, amoniya kuwa ba ta samuwa sai da haidirojin, haka ma matatun mai suna amfani da shi wajen cire farar wuta. Nan ne ya kamata mai tsabtar ya fara maye gurbin na iskar gas. Sai kuma ƙarfe, wanda masana'antarsa ke fitar da kusan kashi 7 cikin ɗari na kabon ɗin duniya. A Suwidin, shirin HYBRIT ya cire iskar oksijin daga tama da haidirojin maimakon kwal, kuma a 2021 kamfanin ƙarfe na SSAB ya kai wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko da aka yi ta wannan hanya. Batir ba zai yi wannan aikin ba.

Malam Usman: Na yarda da ku a kan ƙananan motoci. Amma Injiniya, manyan jiragen ruwa da ke ƙetara teku fa, wane batir ne zai ɗauke su?