Hoton hologiram a shago da ɗakin biki: zai biya kuɗinsa a Katsina?

Mai shagon turare, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar na'urorin talla. Wasu masu shigo da kaya daga ƙasar Sin sun fara tallata wata na'ura mai kama da fanka, wadda da zarar ta fara juyawa sai a ga kwalbar turare ko takalmi ko wayar hannu tana shawagi a iska, babu allo a bayanta. Suna kiranta hologiram, kuma suna cewa da irinta manyan shagunan ƙasashen waje suke jawo masu saye. Ni turare da humra nake sayarwa, ƙanena kuma yana harkar ƙawata wuraren biki, shi ya sa muke tunanin haɗa kuɗi mu saya. Abin da nake son sani shi ne yadda take aiki, da kuma ko za ta jure yanayinmu na zafi da ƙura da ɗaukewar wuta. Haka kuma ƙanena ya ji cewa a Amurka an taɓa fito da mawaƙin da ya riga ya mutu a kan dandamali, yana tambaya ko da wannan fankar ake yin hakan.

Malamin kimiyya, Batagarawa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abubuwa uku ne mabambanta 'yan kasuwa suke sayarwa da suna ɗaya, kuma rarrabe su zai hana ka biyan kuɗin wani ka karɓi wani.

Hologiram na ainihi Dennis Gabor ne ya gano hanyar yinsa a 1947, ɗan asalin ƙasar Hungary da yake aiki a Ingila, kuma a kan haka aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1971. Aikin nasa bai bunƙasa ba sai bayan da aka ƙera hasken lesa, wato haske mai ƙarfi da ke tafiya a tsuke kuma a miƙe, a 1960. Ana raba hasken gida biyu, ɗaya ya bugi abin da za a ɗauka, ɗaya ya tafi kai tsaye zuwa farantin ɗaukar hoto, inda haɗuwarsu take barin wani zane mai matuƙar ƙanƙanta wanda yake adana zurfin abin, ba fuskarsa kaɗai ba. Shi ya sa idan ka karkata farantin sai ka ga gefen abin da ba ka gani da farko. Mai yiwuwa kana ɗauke da irinsa a aljihu yanzu haka, domin kurciyar nan mai ƙyalli da ke jikin katin Visa hologiram ce. Babban amfaninsa a kasuwanci har yau shi ne hana jabu, ba nishaɗi ba.

Fankar da aka nuna maka wata aba ce daban. Ƙananan fitilu ne aka jera a kan fukafukanta, kwamfutar da ke ciki tana kunna kowace tana kashewa daidai da inda fiffiken ya kai, ido kuma ba ya iya bin saurin juyawar, sai ya haɗe hasken ya zama hoto guda. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana wulwula bakin wuta da dare har ya zana zobe a iska ya riga ya ga asalin dabarar. Hoton shimfiɗaɗɗe ne, zurfin da kake gani daga yadda aka tsara bidiyon yake fitowa, kuma wanda ya tsaya daga gefe ko daga baya ba zai ga abin kirki ba.

Batun mawaƙin kuwa gaskiya ne, Tupac Shakur ne, wanda ya mutu a 1996, aka nuna shi a bikin kiɗa da waƙa na Coachella a jihar Kalifoniya a 2012. Sai dai dabarar da aka yi amfani da ita ta girmi lantarkin gidajenmu, domin wani masanin kimiyya, John Henry Pepper, ya nuna ta a Landan tun 1862. Ana miƙe gilashi ko wata leda mai garai-garai a karkace, a kan kusurwar digiri 45, a ɓoye allo mai haske inda 'yan kallo ba sa gani, sai hoton allon ya faɗa kan ledar ya bayyana tamkar mutum ne tsaye a dandamali. Fanka ba za ta yi wannan aikin ba.

Mai haɗa sola da kayan wuta, Sabuwar Unguwa:

Na gode wa Malam da ya share fage, ni zan tsaya a kan abin da hannu yake taɓawa. Wutar da fankar take ci ba ta da yawa, ƙaramar inbata da batir za su riƙe ta, don haka ɗaukewar wuta ba ita ce babbar matsala ba, in dai ba a haɗa ta kai tsaye da janareta mai hawa da sauka ba, wanda yakan ƙone kayan lantarkin da ke cikinta. Abokin gabarta na farko shi ne ranar Katsina. Hasken fitilun ba zai iya gogayya da hasken rana ba, saboda haka wanda ya rataye ta a ƙofar shago da hantsi, abin da masu wucewa za su gani shi ne fanka tana juyawa da wani dishi-dishin launi. Tana buƙatar wuri mai inuwa da bango mai duhu a bayanta, kuma kyanta yana fitowa ne daga magariba zuwa lokacin rufe shago.

Sai ƙura. Idan hunturu ya shigo, ƙura tana taruwa a kan fukafukan da cikin injin, nauyinsu ya daina daidaita, hoton ya fara rawa, ƙarar ta ƙaru. Dole ne a saya mata murfi na roba mai kama da gilashi, wanda kuma zai kare yara, domin yaro yakan miƙa hannu ya taɓa abin da ya burge shi, fiffiken kuwa ba ya tausayin yatsa. Ka tambayi mai sayarwa ko yana da kayan gyara a ƙasa, domin layin fitila ɗaya ya mutu, za ka riƙa ganin baƙin zobe a tsakiyar hoton har ranar da aka sauya fiffiken.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne kuɗin bidiyo. Na'urar tana zuwa da hotunan gwaji, irin su kifi da fure da mota, waɗanda ba su da alaƙa da hajarka. Kafin kwalbar humrarka ta yi shawagi, sai wani ya zana ta a kwamfuta da siffa mai zurfi, ya juya ta a kan baƙin fage, ya mayar da bidiyon irin wanda na'urar take karɓa. Kowane sabon kaya sabon aiki ne, kuma a ganina nan ne kuɗin yake zurarewa, ba wajen sayen ƙarfen ba. Shawarata ga shagon turare ita ce a yi haya ko aro a gwada a daren kasuwar Sallah, a lura ko masu tsayawa kallo suna shigowa su saya, ko kuwa ɗaukar bidiyo kawai suke yi su wuce.

Hajiya mai ɗakin taro, Daura:

Ba duk abin da ɗan'uwa mai sola ya faɗa na yarda da shi ba. Ɗaukar bidiyon da yake ganin asara ce, a harkarmu ita ce tallar, domin bikin da aka yaɗa a WhatsApp da TikTok shi ne yake kawo mai biki na gaba. Ɗakin taro kuma yana da abin da shago ba shi da shi: mu ne muke iko da fitilu, kuma yawancin dina da dare ake yi. Sunan ango da amarya yana juyawa a ƙofar shiga abu ne da za a iya sa masa farashi dabam, kuma sauya suna a bidiyo bai kai wahalar zana sabon kaya ba. Saboda haka, Alhaji, ina ganin ƙanenka ya fi ka kusa da cin ribarta.

Babbar dabarar ta dandamali ma tana da kasuwa, sai dai ba tamu ba ce tukuna. Ɗan siyasar Indiya Narendra Modi ya yi amfani da ita a yaƙin neman zaɓen jihar Gujarat a 2012, inda aka ga jawabinsa a wurare 53 a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa abin a babban zaɓen Indiya na 2014. A Faransa, ɗan siyasa Jean-Luc Mélenchon ya yi jawabi a Lyon a 2017 yayin da hotonsa yake tsaye gaban wani taron a wajen birnin Paris. Duk wanda ya san yadda 'yan siyasarmu suke kashe kuɗi a lokacin kamfe ya san cewa su ne za su fara ɗaukar nauyin irin wannan, ba masu aure ba. Inda nake fatan ganinta shi ne wajen tarihi. Baƙi suna zuwa rijiyar Kusugu, musamman a lokacin Sallar Gani, kuma ƙaramin ɗaki mai duhu da zai nuna labarin Bayajidda da Daurama zai sa su daɗe fiye da yadda suke yi yanzu.

Amma maganar fito da mamaci, ina jan hankalin ƙanenka. Na san akwai waɗanda za su so su sake ganin marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana tsaye da makaɗansa. Sai dai a nan ba batun na'ura ba ne kawai. Akwai haƙƙin iyalinsa, akwai haƙƙin mallakar waƙoƙin, akwai kuma malamai da jama'ar gari da ba lallai su karɓi a sa mamaci yana motsi yana faɗar abin da wani ya tsara masa ba.

Malamin kimiyya, Batagarawa:

Hajiya ta yi gaskiya, zan ƙara da dalili ɗaya na fasaha. Tupac ɗin da aka nuna a 2012 ba tsohon faifai aka haska ba, kamfanin Digital Domain ne ya gina siffarsa a kwamfuta. Da yawa daga cikin tsofaffin faya-fayen talabijin da muke da su na mawaƙanmu an ɗauke su ne a fili, da jama'a da rumfa a baya, kuma ba su da tsabtar da za a yanko mutum daga ciki a ɗora shi a kan baƙin fage da girman jikinsa. Sannan ledar dandamali ba ta son iska, ƙaramar guguwa ta kaɗa ta sai hoton ya lanƙwashe, wanda hakan ya fitar da yawancin filayen da muke taro a cikinsu. Idan za ku sayi fankar, Alhaji, ku nemi a kunna muku ita da rana a wuri mai haske irin na shagonka, da bidiyon kayanka ko da na gwaji ne, kafin ku biya.