Gadon aji a JavaScript: shawarwarin da aka tsayar

A yaren shirya manhaja na JavaScript, ajin (class) da ake kira ɗa, kamar Kare, yana gadar halayen ajin da ake kira uba, kamar Dabba. A tsohon salon da ba ya amfani da kalmar class, yawancin masana sun yarda a haɗa ɗa da uba ta hanyar Kare.prototype = Object.create(Dabba.prototype). A guji new Dabba() a nan, domin duk jerin abubuwa (array) da uba ya ƙirƙira zai zauna a kan prototype, wato abin da duk karnuka ke gado daga gare shi: ka saka abu a kare ɗaya, sai ya ɓullo a sauran. Kuskuren nan yana da wuyar ganowa sosai.

Bayan haɗawa, a mayar da Kare.prototype.constructor zuwa Kare, a kira Dabba.call(this, suna) cikin Kare (this shi ne sabon karen da ake ƙirƙira). Ayyukan ɗa a rubuta su bayan haɗawar, in ba haka ba su ɓace.

Tun 2015 akwai class da extends, amma ƙarƙashinsu prototype ne dai. A wannan salon, cikin constructor (aikin da ke shirya sabon abu) na ɗa, taɓa this kafin kiran super(), wato constructor na uba, yana jawo kuskuren ReferenceError.