Malamin lissafi ya ce "daƙiƙai", zauren iyaye na Legas ya kama wuta

Malamin Lissafi (Agege): Salamu alaikum. Wallahi yau raina a ɓace yake. Na ba 'yan JSS 2 wannan: (3x² + 5x − 2) − (x² − 4x + 7). Amsar ita ce 2x² + 9x − 9, amma yawancinsu 2x² + x + 5 suka rubuto. Alamar x² kaɗai suka juya, suka bar −4x da +7 yadda suke, alhali mainos ɗin da ke gaban baka duk abin da ke ciki yake shafa. Laifin firamare ne, ba a zaunar musu da tushe ba. A turo mana daƙiƙai, sannan a ce mu kai su BECE, jarrabawar kammala JSS 3.

Maman Biyu (Idi-Araba): Wa alaikumus salam. Malam, 'ya'yan wa kake kira daƙiƙai?

Malamin Lissafi: Hajiya, ban kama sunan ɗan kowa ba.

Maman Biyu: Ba sai ka kama ba. Yaron da ke jin Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya, shi ne daƙiƙi? Kai harshe nawa kake ji?

Malamar Firamare (Obalende): Kuma a daina jingina mana. Tarawa da ɗebe lambobin ƙasa da sifili aikin JSS 1 ne. Wa ya koyar da su bara? Ba makarantarku ba?

Mai Gwari (Mile 12): Ni banza ne a boko, amma yarona na shago ba ya haɗa kwandon tumatir da buhun albasa a lissafi ɗaya. Tumatir da tumatir, albasa da albasa. Ba shi ne x da y ɗin naku ba? Malami ne bai iya bayani ba.

Ɗalibar Jami'a (Akoka): Baba, misalinka yana taimakawa a ranar farko, daga baya shi ke rikita yaro. x ba kaya ba ne, lamba ce da ba a faɗa ba. In an zo xy, me za ka ce masa, tumatir sau albasa? Daga nan ake samun 3x + 2y = 5xy. Gara a koya masa gwada amsarsa da kansa. Sa x = 1 a tambayar Malam: bakan farko 6, na biyu 4, saura 2. Amsar Malam ta ba da 2, ta yaran ta ba da 8. Yaro zai kama kuskurensa ba tare da an zage shi ba.

Mai Gwari: 'Yata, wato ni ma daƙiƙin ne ke nan?

Ɗalibar Jami'a: Subhanallahi Baba, ban ce ba!

Alhaji Mai Canji: Ku bar Malam. Mu a Kano har bulala an yi mana, "daƙiƙi" kuwa kamar sunan yanka. Ga mu mun zama mutane.

Maman Biyu: Alhaji, waɗanda suka gudu daga makarantar saboda kalmar fa? Su ba sa cikin zauren nan balle su ba da shaida.

Direban Tirela (Apapa): Ni dai duk wannan x da y kayan Bature ne. Tunda na bar makaranta ban taɓa cin karo da x a hanya ba.

Ustaz (Alaba Rago): Gyara, ɗan'uwa. Al-Khawarizmi ne ya tsara ilimin nan a Bagadaza wajen shekara ta 820, har da lissafin gado a ciki. Mu ma muna da namu: Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Alhaji Mai Canji: To, an fara. Komai sai an kai shi Katsina.

Ustaz: Kunya gare mu, Alhaji, shi ya sa ba mu cika faɗa ba. Kawo na Kano mu ji.

Alhaji Mai Canji: Mu da muke riƙe da Kurmi da Kwari za a koya wa lissafi?

Malamin Lissafi: Jama'a, maganar mainos gaban baka nake yi fa.

Maman Biyu: Janye kalmar tukuna.

Malamin Lissafi: Na ce wasu, ban ce duka ba.

Malamar Firamare: Babu "wasu" a rubutunka. Hau sama ka duba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. A taƙaice, kowa ya yarda malamai na ƙoƙari ga albashi ba yawa, kuma iyaye mata su rage zafi. Ni ma na koyar kafin in shiga kasuwa, kalmar ba zagi ba ce a bakin malami, zaburarwa ce. An kuma tabbatar Kano ce cibiyar lissafi. Shawarar yarinyar nan ta Akoka, wanda ya gane ya gwada. Na rufe.

Ustaz: Wa ya tabbatar?

Maman Biyu: Shugaba, ba ƙanin matarka ba ne Malamin?