Tayar bayan babur: abin da muka tattauna a majalisa

Daren Juma'a a Jidda, 'yan uwa masu kai saƙon abinci da babur sun yi doguwar muhawara: tayar baya, mutum ya gyara da kansa ko ya kai kamfanin dillali? Ga abin da na tsinta.

Kan sarƙar da ke juya tayar baya babu saɓani, aikinka ne. Ƙurar garin nan tana haɗuwa da mai ta riƙa cin sarƙa da faifan haƙoranta, don haka a wanke da kananzir, a shafa mai duk bayan kilomita 500 ko makamancin haka. Kada a ɗaure ta tamau. Yawancin babura na son sassaucin santimita 2 zuwa 3, amma littafin babur ɗinka ne alƙali. Wani dattijo ya ja kunnenmu: "Yarana, in kuna ɗaure sarƙa ku daidaita alamomin da ke gefe biyu na sandar taya, in ba haka ba taya za ta karkace." In sarƙa ta mutu, a canza ta tare da faifan haƙoranta.

Inda aka yi gardama shi ne notin sandar taya. Ni ina tare da masu cewa wanda ba shi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri kada ya yi kirdado, domin rai ne a kai. Boris na cikin taya da birki mai ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) kuwa, a bar wa ƙwararre.

Mai sabon babur ya karanta sharuɗɗan garanti tukuna, ya riƙa adana rasit.