Tauraruwar labarina ta haddace ƙa'idojin tatsuniya, yanzu na rasa yadda zan jarrabe ta

Mai Koyon Rubutu:

Assalamu alaikum. Ina rubuta wani gajeren littafi a kan wata yarinya da ta tashi a hannun kakarta, ta sha tatsuniya har ta haddace yadda kowace take tafiya. Ta san cewa tsohuwar da aka tarar a bakin rafi ba a yi mata rashin kunya, ta san cewa idan aka ba mutum zaɓi tsakanin babba da ƙarami to alherin yana cikin ƙaramin, kuma ta san cewa auta ne yake tsira bayan yayyensa sun halaka. A babi na uku ta ɓace a daji, abubuwa suka fara faruwa da ita daidai yadda kakar take faɗa, sai ta riƙa aiki da abin da ta sani. Damuwata ita ce tun da na ba ta wannan sanin labarin ya yi sanyi a hannuna, domin duk tarkon da na ɗana mata tana hango shi tun daga nesa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni karatu su nuna mini yadda marubuta suka bi da irin wannan.

Malamar Adabi:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki fara da Shaharuzad ta Dare Dubu da Ɗaya. An gabatar da ita a matsayin 'yar waziri wadda ta karanta littattafan tarihi da labaran mutanen da, kuma da wannan karatun ta shiga gidan Sarki Shahariyar, wanda yake kashe kowace amarya da safe. Ta shirya da ƙanwarta Dunyazad cewa ta roƙe ta labari da dare, sannan ta riƙa katse shi da ketowar alfijir a daidai inda rai yake son jin ƙarshe. Ki lura da cewa gwanintarta ba ta kawar da takobin ba, jinkirta shi kawai take yi zuwa gobe, kuma kowane dare sai ta sake sayen ranta. Wannan ne ya sa mai karatu ba ya sakin jiki.

A gida kuma muna da akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, waziri yana neman hanyar da zai fitar da Musa, ɗan sarkin, daga gida don ya cuce shi, aku kuwa ba shi da abin tsare ƙofa sai bakinsa. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita da dare, sai aku ya jefa wata magana da za ta sa ya tsaya ya tambayi asalinta, daga nan labari ya ja har gari ya waye. Abin da yake burge ni a nan shi ne aku ya san Musa kamar yadda ya san labaransa, ya san abin da zai ja hankalin saurayi mai ɗoki. Saboda haka ki tambayi kanki, wa yarinyarki take buƙatar ta fahimta a cikin dajin nan, ban da ƙa'idojin da ta haddace?

Ɗan Zazzau:

Malama ta kawo misalai masu kyau, amma da izininta zan ce Shaharuzad da aku masu ba da labari ne, alhali yarinyar nan tana cikin labarin ne tsundum. Wadda ta fi kama da ita tana cikin tatsuniyoyinmu tun fil azal, ita ce 'yar mowa. Ku tuna tatsuniyar 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi a ruwan Bagaja. Ta tafi ba ta san komai ba, ta gaishe da duk abin al'ajabin da ta tarar cikin ladabi, aka ba ta zaɓin ƙwai ta ɗauki ƙarami, ta kiyaye gargaɗin da aka yi mata game da inda za ta fasa shi, ta komo gida da dawaki da dukiya. 'Yar mowa kuwa ta fita ne bayan ta ji labarin duka, ta san hanya, ta san akwai ƙwai a ƙarshe, kuma sanin nan ne ya sa ta gaggawa da raini, har ta miƙa hannu ga babban ƙwai. Yadda na ji ta a bakin kakata, abin da ya fito mata kutare ne da makafi a kan jakuna.

To 'yar'uwa, yarinyarki ta fi 'yar mowa wayo, za ta ɗauki ƙaramin ƙwai. Amma idan ta ɗauke shi ne domin ta san dukiya tana ciki, ashe kwaɗayin nan ne dai ya sake kama hannunta. Ni a ganina nan labarinki yake. Ki sa tsohuwar bakin rafi ta gane bambancin gaisuwar da ta fito daga zuciya da wadda aka haddace don a ci riba.

Tsohon Ɗalibi:

Zan ƙara wata fuska daga Sifaniya. Don Kihote na Cervantes, wanda kashinsa na farko ya fito a 1605, mutum ne da ya cika kansa da littattafan barade har ya ɗauka duniya tana bin tsarinsu. Ya ga masaukin matafiya ya ce fada ce, ya ga injinan niƙa masu juyawa da iska ya ce ƙattai ne, ya afka musu da mashi, ya sha ƙasa. Ƙa'idojin ya san su sarai, kuskurensa shi ne bai san irin labarin da yake ciki ba. A kashi na biyu, na 1615, abin ya ƙara tsananta, domin ya haɗu da wani basarake da matarsa waɗanda suka karanta kashi na farko, suka riƙa shirya masa abubuwan da yake tsammani don su yi nishaɗi da shi. Wannan wurin yana ba ni tausayi ƙwarai, kuma ina ganin zai yi miki amfani: duk wanda ya san abin da yarinyarki ta haddace zai iya ɗana mata tarko da shi. Maƙiyinta ma yana da kaka.

Mai Koyon Rubutu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam Ɗan Zazzau, maganar ƙwan nan ta hana ni barci jiya, domin na koma na duba babi na huɗu na tarar yarinyar tana durƙusa wa tsohuwa alhali a zuciyarta tana lissafin ladan da za ta samu, ni kuma ban lura ba. Zan bar wurin yadda yake, amma tsohuwar za ta dube ta ta tambaye ta wa ya koya mata wannan gaisuwar. Abin da ban yanke ba tukuna shi ne ko tsohuwar ce za ta zama mai ɗana tarkon da Tsohon Ɗalibi ya ambata, ko kuwa in ƙirƙiro wani dabam. Malama, idan na gama gyaran babin zan so ki duba mini shi.