INR ɗina ya ƙi zama wuri ɗaya duk da ina shan warfarin yadda aka ce

Assalamu alaikum. Likitoci da masu fama da irin wannan, a taimaka.

Jini ya taɓa daskare mini a jijiyar ƙafar hagu, ta kumbura tana zugi. Daga baya gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya gagara, sai da aka kwantar da ni. Gwaji ya nuna ina da cutar antiphospholipid, wadda garkuwar jiki ke sa jini saurin daskarewa. Aka ɗora ni kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, aka ce INR, wato lambar gwajin da ke nuna jinkirin daskarewar jini, ya zauna tsakanin 2 da 3.

To ya ƙi. Wani lokaci ya sauka 1.5, ƙafar ta fara nauyi. Wani lokaci ya haura 4, dasashina na jini in ina goge baki, ga tabo baƙi-baƙi a hannu ba tare da na bugu ba. Maganin ina shan sa lokaci ɗaya kullum, ba na taɓa ibuprofen ko aspirin, ganye mai bitamin K kuma ban ƙara ba ban rage ba. Na nemi a mayar da ni kan rivaroxaban, wani maganin hana jini daskarewa, likita ya ce bai dace da masu antiphospholipid ba, jini ya fi sake daskarewa da shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, na'urar da ake soka yatsa tana ba da lambar INR sama da ta jinin da aka ɗiba a jijiya, kuma a rana ɗaya.

Shin lupus anticoagulant ɗin da ke jinina, wato ɗaya daga cikin sinadaran garkuwar jiki na wannan cutar, shi ne ke ruɗa na'urar yatsan, har ake rage mini magani bisa lambar da ba daidai ba?